Kafin a Tsoma Bututu a Teku: Yadda Ake Tantance Tasirin Matatar Ruwan Teku ga Muhalli

Alhajin da ya buɗe famfo a masaukinsa na Makka zai yi alwala, galibi ruwan Bahar Maliya ne ke zubo masa. A Shu'aiba, kudu da Jidda, ake ɗebo shi, a raba shi da gishirinsa, a turo shi ta bututu har cikin duwatsu. Mazauna Teshie da Nungua a Akra sun san irin wannan ruwa tun 2015, lokacin da aka buɗe matatar da aka gina domin ta ba da lita miliyan 60 a rana. A Dakar ma an ƙaddamar da ginin wata a Mamelles a 2022 da rancen Japan. Wani nazari da masana na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2019 ya ƙirga matatu kusan 16,000 masu cire gishiri daga ruwa a duniya, suna ba da ruwan daɗi kubik mita miliyan 95 a kullum, suna kuma zubar da kakkauran ruwan gishiri kubik mita miliyan 142. Wato abin da ake zubarwa ya fi abin da ake sha yawa.

Wannan jagora na wanda aka ɗora wa duba irin wannan aiki ne: jami'in hukumar muhalli, ɗan jarida, ɗalibi, ko shugaban masunta da aka miƙa wa rahoto mai kauri aka ce ya faɗi ra'ayinsa. Abin da nake so ya riƙe tun farko shi ne, yawancin ɓarnar da matata za ta yi ko ta kauce wa ana yanke ta ne a wurare biyu, bakin da take zuƙo ruwa da bakin da take zubarwa. Su kuwa ana tsayar da su ne a ranar da aka zaɓi fili. Tun ran gini ran zane. Rahoton da aka fara rubutawa bayan an sayi fili an sa hannu a kwangila, neman hujja kawai yake yi wa shawarar da aka riga aka yanke.

Fara da lissafin matatar kanta

Yawancin sababbin matatu da tantani suke aiki. Ana danna ruwan teku da matsi mai tsanani, ninki 60 ko fiye na matsin iskar sarari, sai ruwa ya ratsa tantanin, gishiri ya tsaya. Ba duka ruwan ke wucewa ba. Kashi 40 zuwa 50 cikin 100 ne ke zama ruwan daɗi, sauran ya kwashe gishirin duka ya koma teku. Tsofaffin manyan matatun ƙasashen Larabawa kuwa dafa ruwan suke yi su kama tururinsa, don haka nasu ragowar ruwan ba gishiri kaɗai gare shi ba, har da zafi.

Mai tantancewa ya ɗauki biro ya yi lissafin da kansa kafin ya karanta na kamfani. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. A ce matata za ta ba da kubik mita 100,000 a rana, tana tsamo kashi 45 cikin 100. To sai ta zuƙo kimanin 222,000, ta mayar da kimanin 122,000. Ruwan teku na yau da kullum yana da gishiri giram 35 a kowace lita. Wanda za ta mayar zai kai giram 64. Gishirin da zai ratsa ta a yini ɗaya ya haura tan 7,700. Wutar lantarki kuma yunit 3 zuwa 4 ce ga kowace kubik mita, wato kimanin megawat 15 ba dare ba rana. Idan alƙaluman rahoto sun yi nisa da waɗannan ba tare da bayani ba, a nan tambayar farko take. A kuma tambaya ko akwai niyyar faɗaɗa matatar nan gaba, domin sau da yawa ana neman izini a kan zangon farko alhali an shimfiɗa bututun da zai ɗauki ninki biyu.

Sai batun zaɓi. Rahoto na gaskiya yana kwatanta wurare biyu ko uku, da hanyoyin ɗiban ruwa daban-daban, har da zaɓin barin aikin gaba ɗaya. A biranen da ruwan famfo mai yawa ke tsiyayewa ta fasassun bututu kafin ya isa gida, gyaran bututun yakan fi tace teku araha nesa ba kusa ba. Matatar Teshie darasi ce a nan: a farkon 2018 an dakatar da ita na wani lokaci saboda tsadar ruwanta da kuɗin wutar da take ci. Gaɓar da aka haƙe da filin da aka killace ba sa komawa yadda suke don injin ya tsaya.

Sanin tekun kafin a taɓa shi

Ba za a iya cewa abu ya canza ba sai an san yadda yake da. Saboda haka ake yin awon farko, kuma mafi ƙarancinsa shekara guda cur, biyu ta fi. Dalili shi ne teku yana da lokutansa kamar gona. A gaɓar Gana, daga wajen Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama da abinci, ƙananan kifayen da masu kwale-kwale ke dogara da su su yawaita su yi ƙwai. Wanda ya auna a watan Maris kawai zai rubuta cewa ruwan ba shi da 'ya'yan kifi da yawa, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai bai ga lokacin da ya fi muhimmanci ba.

Abubuwan awo sanannu ne: gishiri, zafi, iskar oksijin da ke narke a ruwa, gurɓacewa, ƙarfin gudun ruwa da inda ya dosa, cikowa da janyewar teku, da taswirar ƙasan teku mai nuna tudu da kwari. A auna daga sama har ƙasa, kada a tsaya a saman ruwa. A ɗebo laka a ga tsutsotsi da ƙananan dabbobi masu ɓawo da ke cikinta, domin su ba sa iya gudu, su ne shaidun da za su faɗi gaskiya bayan shekara biyar. A zana iyakar ciyawar teku da murjani da dazukan bakin ruwa, da rairayin da kunkurun teku ke haƙa ya yi ƙwai. Muhimmin abin da ake yawan mantawa shi ne a zaɓi wasu wurare biyu ko uku masu kama da wurin aikin amma nesa da shi, a riƙa auna su tare. In kifi ya ragu a ko'ina, ba laifin matata ba ne. In ya ragu a bakin bututunta kaɗai, an kama ta. Ba tare da waɗannan wuraren kwatance ba, duk wata gardama ta gaba za ta zama maganata da maganarka.

A kuma duba abin da teku zai iya yi wa matatar. A 2008 zuwa 2009 wata gansakuka mai mayar da ruwa ja ta mamaye gaɓar Oman da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta toshe na'urorin tacewa, ta tilasta wa wasu matatu tsayawa na makonni. Malalar man fetur, magudanar ƙazanta ta birni da bakin kogi mai laka duk suna ƙara yawan sinadarin da za a zuba domin tsabtace ruwan, sinadarin kuma a ƙarshe teku zai koma.

Bakin zuƙowa

Ɓarna iri biyu ce a nan. Ta farko ana ganinta: kifi da ƙaguwa da ruwa ke mannawa a jikin raga har su mutu. Maganinta ba wuya. A rage saurin ruwan da ke ratsa ragar zuwa santimita 15 a daƙiƙa ko ƙasa da haka, yadda kifi zai iya juyawa ya tsere, a kuma ɗora murfi a kan bakin bututun domin ruwa ya shigo ta gefe, tunda kifi ya fi jin jan ruwa ta gefe fiye da ja zuwa ƙasa.

Ta biyu ba a ganinta, kuma ita ce babba. Ƙwan kifi da 'ya'yansa da ƙananan halittun da ke yawo a ruwa suna wucewa ta ramukan raga su shiga cikin matata, kuma a lissafi ana ɗaukar duk wanda ya shiga ya mutu. Dokar gaɓar teku ta Kalifoniya ta 2015 ta wajabta raga mai ramin milimita 1, amma ita kanta dokar kashi 1 cikin 100 kacal take ƙirga wa wannan raga a matsayin ragin asara. Don haka idan rahoto ya ce an sa raga mai laushi, matsala ta ƙare, bai amsa tambayar ba.

Yadda ake auna wannan asara: a ja koma mai laushi ƙwarai a daidai inda bakin bututun zai zauna, da kuma faɗin ruwan da ke kewaye, kowane wata, dare da rana, domin da yawa daga cikin halittun nan da dare suke tasowa sama. A tantance irin kifin, a ƙirga yawansa a kowace kubik mita, a ninka da yawan ruwan da za a zuƙa. Daga nan a fitar da kason 'ya'yan kowane irin kifi na yankin da matata za ta cinye, a mayar da shi zuwa faɗin wurin hayayyafa da aka yi asara. Da irin wannan lissafi aka ɗora wa matatar Carlsbad, wadda aka buɗe a 2015 kusa da San Diego, farfaɗo da fadamar bakin teku ta eka 66 a matsayin diyya.

Hanya mafi aminci ita ce a bar rairayi ya yi tacewar farko: a haƙa rijiyoyi a bakin gaɓa kamar yadda aka yi a Sur ta Oman, ko a binne bututu masu huji a ƙarƙashin yashin teku kamar na Fukuoka a Japan, da ke aiki tun 2005. Ba ta kashe 'ya'yan kifi, ruwan kuma yana zuwa a tace, sinadari ya ragu. Amma ba kowace ƙasa ke karɓarta ba, sai mai yashi ko dutse mai shan ruwa, kuma rijiyar gaɓa na iya janyo ruwan zartsi cikin rijiyoyin unguwa. Abin da mai tantancewa zai nema shi ne shaidar haƙa da gwaji. Kalmar "ba zai yiwu ba" ba ta isa ba in babu sakamakon gwajin ƙasa a bayanta. A 2022 hukumar kula da gaɓar Kalifoniya ta ƙi amincewa da matatar Huntington Beach bayan shekaru da dama ana ja-in-ja, kuma asarar halittun ruwa na cikin manyan dalilanta.

Inda kakkauran ruwan yake kwanciya

Nan ne ya kamata a fi daɗewa. Ruwan da ke da gishiri giram 64 ya fi na teku nauyi. In aka sake shi haka kawai ba ya gaurayuwa, sai ya nutse ya kwanta kamar yadda gasara ke kwantawa a gindin ƙwarya, ya riƙa malala a ƙasan teku yana bin gangare, ya taru a duk kwarin da ya samu. Wanda ya tsaya a jirgi ya auna saman ruwa ba zai ga komai ba. A ƙasa kuwa abu biyu na faruwa: gishiri na tsotse ruwan jikin halittun da ba sa iya matsawa, kuma shimfiɗar mai nauyi tana hana ruwan sama mai oksijin sauka, sai laka ta shaƙe.

Juriyar halittu ta bambanta ƙwarai, shi ya sa iyakar da aka aro daga wata ƙasa ba lalle ta dace ba. A Bahar Rum akwai ciyawar teku mai suna Posidonia, mai saurin jin ciwo da jinkirin tsiro, 'yan santimita a shekara. Masana a Sifaniya, bayan gwaje-gwaje da lura da matatu irin ta Alicante, sun ba da shawarar kada gishiri a cikin ciyawar ya wuce giram 38.5 fiye da rubu'in lokaci, kada kuma ya wuce 40 fiye da kashi 5 cikin 100 na lokaci, alhali tekun nasu da ma yana wajen 37 zuwa 38. Tazarar ba ta da yawa ko kaɗan. Kalifoniya kuma ta ce a nisan mita 100 daga bakin bututu kada ƙarin ya wuce giram 2 a kan na asali. Inda ba a san juriyar halittun wurin ba, a ɗebo su a gwada a ɗakin gwaji, musamman ƙwai da 'ya'ya, da ainihin irin ruwan da za a zubar har da sinadaransa.

Lissafin gaurayawa mai sauƙi ne. Ƙarin gishirin a misalinmu giram 29 ne. Domin ya sauko zuwa giram 1 sai kowace lita ta gauraya da kimanin lita 28 na ruwan teku. Ana samun haka da dogon bututu mai bakuna da yawa, kowane baki na fesa ruwan sama a karkace, galibi a kusurwar digiri 60, domin ya yi doguwar tafiya yana haɗuwa da ruwan teku kafin ya faɗo. Matatar Kwinana ta birnin Perth a Ostireliya, da aka buɗe a 2006, tana da bakuna 40 a zurfin kimanin mita 10, kuma an shar'anta mata gaurayawa ninki 45 a nisan mita 50. Feshin ma yana da nasa kuɗin: ƙarfinsa na iya kashe 'ya'yan kifin da ke cikin ruwan da yake janyowa, don haka a sa wannan a lissafin asara.

Kamfani zai kawo zane daga kwamfuta mai nuna yadda ruwan zai bazu. Kada launukan su ruɗi mai karatu. Tambayoyin su ne: da wane awo aka ciyar da kwamfutar, na wata nawa, kuma an gwada hasashenta da abin da aka auna a tekun? An yi lissafin mako mafi muni, lokacin da iska ta kwanta, teku ya yi lamo, ruwa ya yi zafi? Matsakaicin shekara ba ya kashe komai. Kwana goma na tsit su ke kisa. An yi lissafin ranar da matata ke aiki rabi, feshi ya yi rauni? An duba ko ruwan da aka zubar zai zagayo ya sake shiga bakin zuƙowa? Ni a ganina taswirar da ba ta nuna ƙasan teku a lokacin lamo ba, ba ta cancanci a sa mata hannu ba.

Sannan maƙwabta. A Tekun Fasha, wanda ba shi da zurfi kuma mafitarsa ɗaya ce ƙunƙuntacciya a Hormuz, gishiri ya riga ya haura giram 40, ga matatu da tashoshin wuta jere a gaɓa. Nazarin 2019 ɗin nan ya nuna Saudiyya da Daular Larabawa da Kuwait da Katar ke fitar da fiye da rabin kakkauran ruwan duniya. A irin wannan wuri, tantance matata ɗaya ita kaɗai yaudarar kai ce. Dole a tara nata da na sauran.

Sinadarai, wuta da doron ƙasa

A nemi jerin kowane sinadari da yawansa da inda zai ƙare. Kulorin da ake zubawa don hana tsiro cikin bututu guba ne ga halittun ruwa ko da kaɗan ne, sai an kashe ƙarfinsa kafin a zubar. Sinadarin ƙarfe da ake dunƙule datti da shi yakan rina ruwa ja, kamar yadda aka gani a bakin matatar Ashkelon a shekarunta na farko. Gyaran shi ne a tsame lakar a busar a kai juji na musamman a tudu. Ruwan wankin tantani mai tsami ko mai kaifi a tara shi daban. Matatun dafawa kuma a bi sawun tagullar da ke zaizayewa daga bututunsu cikin laka.

Wuta ita ce tasirin da ba a gani a gaɓa. A tambayi inda megawat ɗin za su fito, gas ko baƙin mai ko rana ko iska, da hayaƙin da za su haifar, da unguwar da za a rage wa wuta in layin bai isa ba. A tudu kuma a duba haƙar rami, ƙarar famfuna da dare, fitilun da ke ɓatar da 'ya'yan kunkuru, zaizayar gaɓa da tashin teku a tsawon shekaru 25 ko 30 na rayuwar matatar, da inda za a kai tantanin da ake canzawa bayan 'yan shekaru.

Masu tekun

Masunci ya san inda kifi ke ƙwai da watan da ruwa ke kwanciya fiye da na'urar da aka jefa wata uku. A je masa tun lokacin awon farko, a shiga kwale-kwalensa da taswira. A zauna da mata masu ƙyafe kifi da sayar da shi daban, domin a taron maza ba a cika jin bakinsu ba, alhali in mashigar jirage ta koma nesa su ne za su fara biyan kuɗin mota. Masuntan Ouakam sun nuna damuwa a kan matatar Mamelles tun kafin a fara gini, kuma damuwarsu ta shafi ainihin waɗannan abubuwa: gaɓar da suke sauka da ruwan da suke kamun kifi. A Najeriya a ƙarƙashin dokar tantance tasiri ga muhalli ta 1992 ana baje rahoto ga jama'a na kwanakin aiki 21. Kwanakin ba su da amfani ga wanda ba ya karanta harshen rahoton, don haka a nemi taƙaitawa da harshen mutanen wurin, a rediyo da baki. A kuma tambayi wa zai sha ruwan da nawa. Bai kamata unguwar da ta ba da gaɓarta ta ci gaba da sayen jarka daga 'yan garuwa ba.

Sharaɗin da ke da haƙori

Rahoto hasashe ne, teku ne zai tabbatar ko ya ƙaryata. Saboda haka takardar izini ta ƙunshi lambobi: gishiri kaza a nisa kaza a ƙasan teku, oksijin kada ya gaza kaza, da matakin da za a ɗauka nan take in an ƙetare. Perth ta nuna yadda wannan ke aiki. Mashigin Cockburn da matatarta ke zubarwa a ciki kusan rufaffe ne, ruwansa ba ya saurin canzawa, don haka aka girka na'urori a kwarin tsakiyarsa suna aiko da awon oksijin kai tsaye. A 2008, da oksijin ya faɗi ƙasa da iyakar da aka gindaya, an sa matatar ta rage aiki sosai har ruwan ya farfaɗo. An yi ta muhawara daga baya a kan ko matatar ce sanadi ko kwanciyar iska, amma an yi muhawarar ne da awo a hannu, bayan an riga an rage zubarwa.

Sa ido yakan kawo labari mai daɗi ma. A bakin bututun matatar Sidni masu bincike sun tarar kifi ya ƙaru lokacin da take aiki, ga alama motsin feshin ne ke janyo shi. Ba a san haka ba sai don an auna kafin da bayan farawa, a wurin da kuma wuraren kwatance.

A takardar izinin a rubuta wanda zai yi awon da wanda zai biya shi, kuma kada ya zama mai amsa umarnin manajan matata. A rubuta cewa sakamakon zai fito fili kowane wata uku inda masunta da 'yan jarida za su gani. Bayan an fara aiki a zuba rini marar illa a bututun zubarwa, a bi shi da jirgi, a ga ko gaurayawar ta kai abin da kwamfuta ta yi alkawari; in ba ta kai ba, a gyara bakunan feshin da kuɗin kamfani cikin wa'adin da aka ambata. A ƙarshe a duba kwangilar sayen ruwan kanta. In ta ce gwamnati za ta biya kamfani cikakken kuɗi ko da an tsayar da matata saboda muhalli, to hukumar da za ta ba da umarnin tsayarwa tana da dalilin yin shiru, kuma wannan sakin layi sai an gyara shi kafin a sa hannu.